Kular Allurar Yaya Rabi Daga Jos Zuwa Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta bakin shagon Oga Tunde a Dilimi, a rumfata ta Farin Gada, har a ƙofar masallaci mutum yana neman takalminsa, tambayar ɗaya ce: "Lawal, wai takunkumin nan ya ci su kuwa?" Na gaji da maimaitawa. Kuma labarin ya fara canza kama a bakin mutane, don shekaranjiya wani ya tare ni yana yi mini jaje wai an harbe ni a ƙafa. Ƙafata lafiyarta ƙalau, ta hanyar da na bi na tafi ta nan na dawo, babu wanda ya ko harare ni. Ga yadda aka yi, wanda bai gamsu ba ya nemi mota ya je ya gano wa idonsa.

Kun dai san lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, ƙasashen yankinmu suka ƙaƙaba musu takunkumi. Aka rufe iyaka, aka tsayar da hulɗar banki, mu kuma muka yanke wutar lantarkin da muke ba su. Ni dankalin turawa nake sayarwa, amma in ana zancen duniya ba na yarda a riga ni, rediyo ba ta barin kunnena. Na buga benci a majalisa na ce wata guda ya yi yawa, kuɗinsu sefa za ta koma takardar ƙunshin ƙosai. Buba mai harkar shanu ya ce shi dai abin da ya sani shanun can sun daina shigowa, kuma mahautan Jos ne ke kuka. Na ce masa ya tsaya a kan shanunsa, ya bar mana siyasar duniya.

Ana cikin haka sai ga saƙon murya daga Malam Habu, mijin yayata Rabi. Yaya Rabi ita ta goye ni, ta yi aure a Damagaram tun ina firamare, kuma ta daɗe tana fama da ciwon suga, irin wanda kullum sai an yi allura. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Lawal, ba ta san na yi maka magana ba. Ruwan allurarta ya ƙare a gari. Motocin magani suna tsaye a iyakar Benin, ɗan abin da ya rage a shaguna kuma ya kwana babu firij, ba a yarda da shi ba. Jikin nata ya fara ba ni tsoro."

Wallahi ban ƙarasa shayin da ke hannuna ba. Na faɗa shagon Oga Tunde, shi ne mai kemis ɗin unguwarmu, Bayarabe ne amma a nan Jos ya yi furfura. Kafin la'asar ya samo mini ƙananan kwalabe na watanni, da sirinji, da 'yar na'urar gwajin suga. Ya jera su a kan kanta ya nuna ni da yatsa.

"Oga Lawal, ka ji ni da kyau. Wannan magani ba ya son zafi. Kuma ba ya son ƙanƙara ya taɓa shi. In ya dahu, ya mutu. In ya daskare, ya mutu. Kuma in ya mutu ba za ka gani da ido ba, sai yayanka ya yi allura suga bai sauka ba."

"To ni ya zan yi da shi, in saka shi a baki?"

"Ka saka shi a tsakiya. Ƙanƙara a gefe, shi a tsakiya. Kuma ka canza kuɗinka a Kano."

Na ɗauki shawarar ƙanƙara na watsar da ta canji. Wa zai sayi sefa da tsada a Kano alhali ina tsallakawa zan same ta a banza? Na ma fara lissafin kilishi da atamfar da zan jido.

Matata Maryam ta ba ni babbar kularta, wadda ba ta fitowa sai ranar shinkafar Sallah, tare da gargaɗin in ta dawo da tsaga kada in biyo ta gida. Muka cusa kowace kwalba cikin safar ulu, irin wadda kowane gida a Jos yake da ita tuli saboda sanyi, muka jera ƙullin ƙanƙara a gefe. Sannan na cika rabin buhun algarara da dankali mai kyau, don ba a zuwa gidan 'yar'uwa daga Jos hannu rabbana, a ce daga ina ka fito?

Na bar gida da sassafe ana yayyafin nan namu na damina mai shiga ƙashi. Rigar sanyi biyu na saka har da hular ulu. Ina zaune a mota, kula a kan cinya, zuciyata sai tsalle take, don ban taɓa fita ƙasar waje ba, ko da kuwa ta maƙwabta ce. Muna gangarowa daga tsauni kafin Saminaka na fara tuɓewa ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji suna dariya. Wata hajiya da ke gefena, mai kai kabeji Kano, tun daga Jengre take satar kallon kular. Da muka fito daga dajin Falgore, kowa ya saki numfashi ya dawo da hira, sai ta kasa haƙuri.

"Bawan Allah, wannan rowa har ina? Tun safe ka rungume abinci, ko tayi babu."

Na ɗan buɗe mata ta leƙa. Ta ga safa a jere cikin ƙanƙara. Ta dube ni, ta dubi safar, ta ɗan matsa jikin ƙofa. Sai da na yi mata bayani, nan take kuma ta zama shugabar tafiyar. Ta sa aka sauya mini wuri zuwa gefen da rana ba ta bugawa, ta cire mayafinta na biyu ta lulluɓe kular, direba ya so tsayawa cin abinci a Tudun Wada ta ce ai bai isa ba, da rai a motar nan. Ko sunanta ban tambaya ba, har yau abin yana damuna.

Kano kuwa ban san yadda kuke rayuwa a cikinta ba, ku gafarce ni. Mu a Jos ƙanƙara takan wuni a kula tana nan da ƙarfinta, shi ya sa na ɗauka wadda na zuba za ta kai ni har gidan Yaya. Ina buɗewa a tasha na tarar da safa tana iyo. Na zaga da gudu na samu mai sayar da ƙanƙara, na matse safar, na sake shiri. Daga nan na gane tafiyar tawa ba ta gari zuwa gari ba ce, daga mai ƙanƙara ce zuwa mai ƙanƙara. Na wuce 'yan canji suna kirana, na ɗaga musu hannu irin na wanda ya san abin da yake yi.

Da yamma muka shiga Daura. Ban nemi masauki mai kyau ba, mai firij na nema. Na samu wani ƙarami a bayan tasha, ɗakin ko taga ta kirki babu, katifar kuma ta ga duniya, amma ga firij a zaure yana gurnani da janareta. Na zare kwalaben da safarsu na sa a leda, na ajiye a ƙasan firij da hannuna, na ce wa mai masaukin magani ne, sanyi yake so. Na tafi sallar magariba, na tsaya na ci tuwon dawa da miyar kuka mai zafi a wajen wata mata, har na yi ƙari. Ina dawowa na buɗe firij, babu leda.

"Ina kayana?"

Mai masaukin ya taso yana murmushi. "Ai na gyara maka, alhaji. Ka ce sanyi yake so, na mayar maka da shi sama wajen ƙanƙara, can ya fi."

Ban san lokacin da na ture shi ba. Na fizgo ledar, bayan safar har ya fara yin fari. Na zazzage kwalaben ina ɗaga su a fitila ɗaya-ɗaya, ina karkata su. Ruwan yana motsi, bai daskare ba, ulun nan ne ya tare. Na yi wa mutumin nan faɗan da ban taɓa yi wa ɗan dako a kasuwa ba, shi kuwa yana ta ba ni haƙuri bai ma san laifinsa ba. Da na huce kunya ta kama ni, na ɗebo masa dankali cike da kwano. Da safe shi ya cika mini kula da ƙanƙara kyauta, ya raka ni har bakin mota yana cewa a gaida mai jiki.

Iyakar Kwangwalam sai wanda ya gani. Tun daga nesa manyan motoci ne a jere, an rufe su da tamfol, direbobi sun shanya wanki a jikin madubi, wasu sun kafa murhu a ƙarƙashin mota suna dafa wake. Iska kuma in ta kaɗo daga tsallake sai warin ruɓaɓɓiyar albasa. Wani direba mai ɗauke da masara ya ce mini da ya zo nan ba shi da gemu. Ƙofar hukuma a rufe take ruf, ko tsuntsu ba ya bi ta nan. Amma ɗan gaba kaɗan, a gindin wata bishiya, 'yan babur ne cunkus suna kiran fasinja a fili, kamar tashar Terminus tamu ta Jos.

Wanda ya ɗauke ni sunansa Illa, magidanci ne mai ɗan furfura, mutumin tsallake. Ya ɗaure buhun dankali a kan tanki, ni a baya da kula a ƙirji, muka faɗa cikin gonakin gero. Geron ya fi mu tsayi, ganye yana marina a fuska, babur yana wutsil-wutsil cikin yashi da taɓo, ni kuwa dariya nake kamar yaro, tsoro da daɗi sun haɗu mini. Ba mu yi nisa ba sai ga sanda an gitta a hanya, wani dattijo yana zaune da fartanya. Na ɗauka hukuma ce, ashe mai gonar ne. Ya ce tun da aka rufe iyaka babura suka mayar da gonarsa titi, don haka kowa ya wuce sai ya biya kuɗin geron da ya taka. Na ga gaskiyarsa. Na miƙa naira, ya leƙa buhun ya ce, "Wancan fa?" Dankali ya karɓa. Mai gona na gaba ma haka, da na gabansa.

A wani kwari taya ta zame muka kife. Illa ya yi gefe, ni na zube a taɓo da baya, amma kular tana sama a hannuna biyu, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Illa ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce da wuyana ya karye ma da maganin ya isa lafiya. Na tambaye shi yaushe za mu shiga Nijar. Ya ce, "Ai mun daɗe a ciki. Gonar tsohon nan na farko, rabinta taku ce rabinta tamu."

A Ɗan Barto na sauka na nufi ɗan canji ina taku irin na attajirai. Na zube masa damin naira, na tsaya ina jiran ya nemo jaka. Ya latsa 'yar na'urarsa ya miƙo mini wasu 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba.

"Malam, ƙarasa mana."

"Shi ke nan, alhaji."

"Kamar ya shi ke nan? Ku fa aka sa wa takunkumi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Sannan ya ce, "Sefa ba tamu ba ce mu kaɗai. Ƙasashe da yawa ke kashe ta, har da waɗanda suka sa mana takunkumin, kuma a ɗaure take da kuɗin Turai. Ta ina za ta faɗi? Taku ce ke zamewa kullum. Da can naira muke ajiyewa a garin nan, yanzu in ta kwana a hannuna na yi asara."

Raina ya ɓaci, kuma babu wanda zan huce a kansa. Na san ba takunkumi ne ya kayar da naira ba, tata matsalar daban ce tun daga gida, amma ka zo ganin faɗuwar kuɗin wani ka tarar naka ne a ƙasa, abin da ciwo. Kilishi da atamfa suka tashi a nan. Illa ma da na zo biyansa ya ce in dai naira ce sai na ninka. Muka tsaya ana ja-in-ja.

Na bar shi na shiga neman ƙanƙara, don ta Daura ta fara zama ruwa. Shago na farko firij a buɗe, an jera sabulu a ciki. Na biyu mai shagon yana barci a kan nasa. Na uku wata mata ta dube ni ta ce, "Ƙanƙara? Daga Najeriya kake ko? To ku da kuka ɗauke wutar, ku za a tambaya." Ba da faɗa ta faɗa ba, har ruwa ta ba ni, amma maganar ta zauna mini. Rana ta take, ga sauran tafiya mai tsawo, ga kula ta fara ɗumi a hannuna. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, na ga ina isa gaban Yaya da ruwan banza.

Sana'a ce ta cece ni. Mu in za mu loda ganye zuwa kudu da zafi, buhun algarara muke jiƙawa mu lulluɓe, iskar hanya tana bugawa yana sanyi. Na koma wajen Illa da gudu na ce ya buɗe buhun babur ɗinsa. Na juye masa sauran dankalin kaf na ce ga kuɗin mota. Ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya ce rabon da ya ga irin wannan tun kafin a rufe iyaka, matarsa za ta sayar a Matamai da daraja. Har canji ya so ba ni. Ku ji fa, dankalin Jos ya shiga inda naira ta kasa. Na tsoma buhun a randar mai shayi, na naɗe kular, na nemi kujerar taga a motar Damagaram.

Haka muka tafi, hannuna a waje da kula a bakin taga, duk inda aka tsaya in sauka in sake jiƙa buhu. Fasinjoji suka karɓi aikin, wani ya ba da ruwan gorarsa, wani na alwalarsa. A Matamai ranar kasuwa ce, na ga raguna da bijimai da za su sa Buba kuka, ga su da arha babu mai saye, don masu sayen mu ne kuma an rufe mana hanya. Wani makiyayi a motar ya ce ragon da yake canzawa da buhun gero yanzu bai kai ba, shinkafa kuwa sai dai ya gaishe ta a kasuwa. Na ci dogon burodinsu mai tauri da aka tsaga aka zuba wake da mai, na rantse sai da haƙorina ya yi ƙara, amma da daɗi.

Muna shiga Damagaram abin da na fara ji shi ne shiru a layin masu walda da teloli, suna zaune a ƙofar shago suna kallon titi. A bakin wani banki kuwa layi ne har ya sha kwana, mutane da tabarmi da lema. Malam Habu, wanda ya zo tarata a tasha, ya ce shi ma jiya can ya wuni, albashinsa na koyarwa yana ciki amma kaɗan-kaɗan ake ba kowa. Ya ce, "Darajar sefa ba ta faɗi ba, ita kanta ce ta ɓuya." Amma kasuwa tana ci, motocin manya suna wucewa da gilashi a rufe, gidajen masu hali janareta na ta aiki.

Da na ga Yaya Rabi sai da na dafa bango. Matar da na sani mai jiki, ga ta a tabarma wuya ya fito, leɓe a bushe, buta cike da ruwan sha a gefenta. Ta ɗago ta gan ni da taɓo har ƙeya, da buhu a rungume.

"Lawal? Uban me ya kawo ka cikin wannan hali? Malam, kai ka kira shi ko?"

"Yaya, ki bari in zauna tukuna."

"Ka bar yara da kasuwa ka biyo daji. Kai har yanzu ba ka da hankali." Tana faɗa tana share ido da bakin zani.

Na kwance buhu na buɗe kula. Ƙanƙara babu ko ɗigo, amma ruwan da sanyinsa, kwalaben ma haka. Ita tana da nata firij ɗin, wata 'yar tukunyar ƙasa da aka binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, nan aka jera su. Aka yi mata allura kafin abincin yamma. Sai dai na tuna maganar Oga Tunde, ido ba ya gane mataccen magani, sai gwajin safe.

Don kada in zauna ina kallonta, Malam Habu ya ja ni fada, haka suke kiran majalisa. Gaisuwa kawai sai da na gaji, an tambayi gida, gajiya, sanyin Jos, har iyalin maƙwabta. Shayinsu kuma ba irin namu na kofi da madara ba ne, ɗan mitsitsi ne a ƙaramin gilashi, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na farko na miƙe zan yi godiya, aka jawo rigata aka ce ba a tashi sai an sha na uku. Da suka ji daga inda nake sai muhawara ta tashi. Wani tela ya ce takunkumi ya kashe shi, ɗinkin mutane ya taru babu wuta. Wani mai sayar da hasken rana ya ce shi bai taɓa ciniki irin na bana ba. Wani dattijo ya ce da can ba ya son sojojin nan, amma tun da aka kashe masa fanka ya koma bayansu. Suka juyo gare ni wai in faɗi ra'ayin mutanen Najeriya. Ni da ba a riga ni magana a Dilimi, na ce musu shayin ya yi daɗi.

Da safe bayan an idar da salla muka kewaye Yaya. Malam Habu ya soki yatsarta ya ɗiga jinin a na'ura, muka ƙura ido. Lambar ta fito. Ya dube ta, ya sake dubawa, ya ce, "Ya sauka. Wallahi ya sauka sosai." Na yi tsalle na buga kai da rufin rumfa, ban ma ji zafi ba. Na fita tsakar gida ina zagaye ina cewa magani yana da rai, kaji suna watsewa. Na kira Oga Tunde ina ihu a waya, shi ma ina jin shi yana gaya wa mutanen shago. Yaya ta sha kunu kofi guda ta nemi ƙari, ta fara yi mini tsiya wai na yi tumbi. Rabona da farin ciki irin wannan tun haihuwar ɗana na fari.

Ina cikin wannan murna sai na ga ta jawo tukunyar, ta fito da kwalaben ta raba su biyu, ta ƙulle kashi ɗaya a jiƙaƙƙen tsumma.

"Yaya, me kike yi haka?"

"Za ka kai wa Tanti Zinaru, gida na uku a layin nan."

"Wace ce kuma Tanti Zinaru? Yaya, kin san abin da na sha a kan kwalaben nan? Na watanni na kawo miki, ki mayar da shi na makonni? Wa ya san ranar buɗe iyaka? Wallahi ba inda zan kai."

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Nawa ya ƙare tun kafin Malam ya kira ka da daɗewa. Kana tsammani da me na kai yau? Ciwonmu ɗaya da ita, allurarmu iri ɗaya. Kwalba ɗaya ta rage mata, ta ce mu raba, kullum ita rabi ni rabi. Ta girme ni, kuma jikinta ya fi nawa lalacewa. Tashi ka kai, ni ƙafata ba za ta kai ni ba."

Na ɗauka na fita. Wata matashiyar mata, 'yarta, ta shigar da ni wani ɗaki. Tsohuwar tana kwance, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma, idanunta a buɗe amma ba ni suke kallo ba. 'Yar ta raɗa mini cewa ganin nata ya ragu sosai a 'yan makonnin nan. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ƙanin Rabi ne daga Jos, na sa mata ƙullin a hannu. Ta lalubi kwalaben ɗaya bayan ɗaya da yatsu.

"Rabi ta samu nata?"

"Ta samu, Tanti. Har sugan ya sauka yau da safe."

"Ba nata ba ne ta aiko mini duka? Kada ka rufa mata, na san halinta."

"Wallahi da idona na ga ta raba, nata yana tukunya."

Ta rungume ƙullin a ƙirji. Sannan ta juya kai wajen 'yarta ta ce, "To alhamdu lillahi. Hadiza, ɗauko sirinji. Yau cikakkiya za ki yi mini."